Lissafin Manomin Bakin Kwara

Kogin Kwara sau biyu yake cika a shekara, kuma wanda bai san haka ba zai daɗe bai gane yadda mutanen ƙasar Bagudo ke tafiyar da aikinsu ba. Cikar farko ta damina ce, daga Agusta zuwa Oktoba, ruwa mai laka wanda gulabe da ƙoramun kusa ke zubowa. Ta biyu baƙuwa ce daga nesa. Ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini tun da damina shi ne ke shiga fadamun tsakiyar Mali ya baje, ya yi ta jan ƙafa wata da watanni, sannan ya biyo ta Yamai da Gaya da Malanbil, ya shigo Najeriya ta wajen Lolo cikin hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka daga sama. Manomin da ke da fili a bakin wannan kogi, ko a Illo yake ko a Lolo ko a ƙauyukan da ke tsakaninsu, dole ya san inda ruwa zai kai da lokacin da zai janye kafin ya san inda zai kafa fartanya.

Aikin da ke kan magidanci ɗaya a wannan yanki ba kaɗan ba ne. Yana da gero da dawa da masara a kan tudu. Yana da shinkafa a fadama da damina, yana da wata da rani wadda injin ban-ruwa ke shayarwa. Wani ya haɗa da albasa, wani da kamun kifi, wani da ɗan fatauci zuwa tsallaken iyaka ta Tsamiya ko ta ruwa. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu sai ayyukan su yi karo da juna: dawa ta nuna tana jiran yanka, shinkafar damina na jiran lauje da bugu da shiƙa, filin rani na jiran gyara, inji na jiran makaniki, masu bashi na jiran kaka, ga kuɗin makarantar yara, ga bukukuwan aure da aka yi ta ɗagawa sai an yi girbi. Duk wanda ya tara waɗannan wuri ɗaya ya tsaya yana kallonsu, gabansa zai faɗi. Akwai waɗanda hakan ke samu. Za ka ga mutum ya fita tun asuba, ya taɓa nan ya taɓa can, rana ta faɗi bai gama ko ɗaya ba, ya dawo gida yana faɗa da kowa, barci ya ƙaurace masa.

Amma a kowane ƙauye akwai wasu da ba a ganin wannan tashin hankali a fuskarsu, alhali gonakinsu sun fi na kowa yawa. Su ne suka ba ni sha'awa. Ba ƙarfi suka fi mutane ba, yawanci ma dattawa ne. Lissafi suka iya, kuma lissafin nasu daga ƙarshe yake farawa.

Ga yadda yake. Manomin rani ya san cewa ruwan farko na iya sauka daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuni. In ya same shi da shinkafa a yashe a ƙasa, ta jiƙe ta tsiro, kuma a daidai lokacin ne kowa ke komawa tudu shuka, 'yan ƙwadago su yi wuyar samu. Saboda haka wannan rana ce ba ta ɗaguwa, sauran ranaku ne za su bi ta. Sai ya ƙirgo baya. Irin da aka fi shukawa da rani, FARO 44 wanda manoma ke ce wa Sipi, yakan ɗauki kusan wata huɗu daga zuba iri zuwa yanka, kuma sanyin hunturu kan ƙara masa kwanaki domin tsiro ba ya sauri cikin ɗari. Ke nan in ana son buhu ya shiga ɗaki kafin tsakiyar Mayu, iri ya sauka a bedi kafin tsakiyar Janairu. In iri zai sauka a Janairu, to a Disamba ne za a gama duba rijiya, a wanke ta, a gwada inji a ga yana jan ruwa. In za a taɓa inji a Disamba, kuɗin gyaransa da na man farko daga shinkafar damina za su fito, wato buhunan da za a sayar a Nuwamba an riga an san adadinsu tun suna tsaye a gona. Mutumin da ya yi wannan ƙirge ya rage wa kansa kaya mai yawa, domin a Nuwamba ba ya tunanin tsuntsayen Afrilu. Ya san suna nan tafe, ya ba su gurbinsu, ya rufe maganarsu sai lokacinsu ya yi.

Injiniyoyi a Amurka sun ba irin wannan tunani suna da zane a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da kamfanin DuPont da rundunar sojan ruwan ƙasar suka fito da hanyoyin gano jerin ayyukan da in ɗaya ya makara duk aikin ya makara. Manomin fadama ya san jerinsa ba da takarda ba. Ya san shinge na iya jira mako guda, rufin rumbu na iya jira, amma tsiron da ya kai mako uku a bedi ba ya jira. In ya tsufa kafin a dasa shi ba zai yi 'ya'ya da yawa a gindi ba, kuma asarar da aka yi a wannan mako babu takin da zai mayar da ita.

Tsofaffin manoma da malamai na ƙasar Gwandu da Kabi da Sakkwato suna da ma'aunin da ya dace da wannan aiki, wato lissafin taurari. Shekara an raba ta tauraro 28, kowanne kwana 13, in ban da Jabaha mai kwana 14, jimla kwana 365. Bakwai na damina ne, Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha da Harsan, sannan kaka ta buɗe da Sarfa. Hikimar da ke ciki ita ce wannan lissafi da rana yake tafiya, ba ya zamewa daga yanayi, ba kamar watannin Musulunci ba da ke matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne girman yankin. Kwana 13 bai yi tsawon da mutum zai sake jiki ba, bai kuma yi gajartar da zai firgita ba. Dattijo zai ce wa 'ya'yansa, "Cikin wanga tauraro mu gama noman farko, maimai sai mai zuwa." Shi ke nan, an yanke wa kowa abin da zai ɗauka. Saurayin da ke riƙe da fartanya ba damina gaba ɗaya aka aza masa ba, gona biyu aka aza masa da kwana goma sha uku.

Lissafin wata ma ba a yar da shi, domin azumi da salla suna cikin tsarin aiki. A 2024 da 2025 azumi ya kama a watan Maris, tsakiyar ban-ruwa da zafin bazara. Mai lissafi tun kafin ya zuba iri ya duba inda azumi zai faɗo, ya yi ƙoƙari dashe, wanda ke sa mutum ya wuni a duƙe cikin laka, ya ƙare kafin a ga wata. Ban-ruwa kuma a mayar da shi bayan sahur da bayan buɗa-baki.

Bari mu matsa kusa mu ga abin da ake yi a makonnin shiri, domin a nan gwanintar take. Maigida zai sa a fito da inji daga ɗaki tun ruwa bai gama janyewa daga fili ba. A kwance fulogi a goge, a zubar da tsohon baƙin mai, a miƙe tiyo a rana a bi shi taki-taki ana neman inda ɓera ya ci ko inda ya tsage, a ɗaure da roba. Ana yin haka ne a lokacin da makaniki ke zaune yana hamma, ba ranar da injuna ashirin ke layi a gabansa ba. Iri kuma ba a yarda da shi don an san inda aka saye shi. Za a debi ɗan kaɗan a jiƙa, a naɗe a tsumma mai laima, bayan 'yan kwanaki a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun yi ƙaranci, akwai sauran lokacin neman wani. Wanda bai gwada ba sai bedi ya gaya masa, kuma a lokacin mako biyu sun riga sun tafi. Taki ma haka. Kamfa da za a zuba bayan dashe da yuriya da za a bi da ita sau biyu, na ƙarshe lokacin da shinkafa ke shirin ɗaukar ciki, mai hali yakan saye su tun kaka ya jingine, domin ya san ranar da kowa ke nema ita ce ranar da farashi ke hawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar hannu. Dashe da yanka ba aikin gida ɗaya ba ne. Ana buƙatar mutane da yawa a kwanaki kaɗan, kuma duk fadamar a lokaci ɗaya take buƙatarsu. 'Yan ƙwadago na zuwa daga ƙauyukan tudu, wasu daga tsallaken iyaka, daga Benin da Nijar, domin Dandawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulanin wannan kusurwa dangin juna ne tun kafin Turawa su ja layi a tsakaninsu. Mai lissafi yakan nemi shugaban tawaga tun iri bai tsiro ba, su yi jinga, ya ba da kafin alƙalami, a sa rana. Inda gayya ke da sauran ƙarfi, a zauna bayan sallar isha'i a jera gonaki: ranar kaza ta Malam wane, kashegari ta ƙaninsa, ta gwauruwar da ba ta da mai yi mata a saka ta a tsakiya kada a manta. Wannan zama na rabin sa'a yana kashe rigimar wata guda.

Ba a cika ambaton uwargida a wannan lissafi ba, kuma rashin adalci ne, domin rabinsa a hannunta yake. Mutum ashirin a gona baki ashirin ne. Ita ce za ta tambaya tun da wuri, "Malam, mutum nawa ne ranar dashen, kuma kwana nawa za su yi?" Daga amsar za ta san tiya nawa za a kai niƙa, ta tanadi kuka da daddawa da barkono, ta sa a tara itace, ta yi magana da mai nono tun mako guda kafin ranar saboda fura. Ta san wace maƙwabciya za ta kama mata tuƙi, ta san ranar da za ta rama mata. In tana sana'ar turara shinkafa, ta san buhu nawa za ta karɓa daga gonar gida kafin dillalai su kwashe, ta san kwanakin da take buƙata na shanya kafin hadari ya fara haɗuwa. Abincin gayya in ya makara aiki ya tsaya, kuma baɗi in an kira mutane sai su ce suna da uzuri.

Akwai wata dabara da ke buƙatar hankali sosai, ita ce rarraba shuka. Mai fili babba ba ya zuba irinsa duka rana ɗaya. Yakan raba shi kashi biyu ko uku, da tazarar mako guda ko kwana goma, don kada dashe ya zo masa gaba ɗaya, kada kuma yanka ya zo gaba ɗaya. Da hannu kaɗan sai ya yi aikin da zai ci hannu da yawa. Amma abin yana da iyaka, kuma tsuntsu ne ya sa iyakar. Jan-baki, wanda ke sauka dubbai a kan fadamun Kebbi, yana fara ɓarna tun ƙwaya na ruwan nono har ta bushe, kusan wata guda ana tsaye a kan rumfa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ana jan igiya mai gwangwanaye, ana ihu, ana wurga majaujawa. Gonar da ta riga sauran nuna, ko ta yi saura bayan kowa ya yanke, ita kaɗai za ta ciyar da tsuntsayen yankin. Don haka gwani yakan rarraba, amma cikin zangon da maƙwabtansa ke ciki. Yana sassauta wa kansa aiki ba tare da ya fita daga jama'a ba. Wannan awo ba a koyonsa a shekara ɗaya, kuma a ganina shi ne ke raba wanda ya iya da wanda ke kwaikwayo.

Zama a bakin iyaka ya koya wa mutanen nan wani abu kuma: kada lissafi ya cika har ya rasa wurin numfashi. A Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. A Nuwamban shekarar hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ana gab da shiga noman rani, a yankin da injin ban-ruwa ke shan fetur kullum. A ƙarshen Mayun 2023 aka cire tallafin mai, farashi ya ninka har ya wuce, bayan wata biyu kuma juyin mulkin Nijar ya jawo rufe iyakarta, gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya ta tsaya. Canjin naira da sefa na hawa da sauka, kuma shi ke yanke ko ɗan ƙwadagon tsallake zai ga ribar zuwa. Ba manomin da aka yi shawara da shi a ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya tsira shi ne wanda ya saba barin rara: jarkar mai ta ajiya, buhu biyu da ba a taɓawa sai ta ɓaci, ɗan rago a turke wanda za a iya kaiwa kasuwa in inji ya mutu a tsakiyar ban-ruwa, da kwanaki uku ko huɗu da ba a aza musu komai ba tsakanin wannan aiki da wancan. Masu hali sun koma injin sola ko na gas, wasu sun rage faɗin fili da gangan. Rage fili ba ragwanci ba ne. Eka biyu da aka shayar a kan kari sun fi biyar da ƙishi ya kama suna fitar da kai, kuma sanin abin da ba za ka iya ɗauka ba tun kafin ka ɗora shi a ka yana cikin lissafin.

Wani lokaci kuma ruwa kan share lissafin gaba ɗaya. A daminar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Kebbi, ƙasar Bagudo na cikin inda abin ya yi muni, ana saura makonni a fara yanka. Mutane da yawa bashi suka ci suka yi noman, domin tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, shinkafa ta zama harkar kuɗi sosai, ga manyan injinan casa a Argungu da Birnin Kebbi suna jiran shanshera. Babu tsarin da zai hana irin wannan ruwa. Abin da tsari ke yi shi ne ya bar wa mutum inda zai dafa ya miƙe. Wanda ya raba ƙarfinsa tsakanin tudu da fadama ya samu gero da dawa. Wanda ya ajiye iri a wuri mai tudu, ya ɗauke injinsa tun ruwa na nesa, da ruwa ya janye sai ya fuskanci rani. Kakanninsu ma da wannan tunani suka riƙa shuka tsohuwar shinkafar fadama mai miƙewa tana bin ruwa yayin da yake hawa, wadda ba ta kai ta zamani yawan amfani ba amma ba ta saurin nutsewa.

Akan samu mai cewa yawan lissafi rashin tawakkali ne. Ban yarda ba, kuma manoman da nake magana a kansu ba su yarda ba. Ba za ka ji ɗayansu ya sa rana bai ce in Allah ya kai mu ba. Sun san ƙissar Annabi Yusuf, wanda ya tsara wa Masar ajiyar shekara bakwai na wadata saboda bakwai na fari, har da barin hatsi a zangarniyarsa don kada ya lalace. A wurinsu mutum ya yi nasa, sannan ya bar wa Mai shi sauran, kuma wanda ya yi nasa shi ya fi samun natsuwar barin sauran.

Natsuwar nan ba zato ba ce. A 2011 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, E. J. Masicampo da Roy Baumeister, sun wallafa binciken da ya nuna cewa aikin da ba a gama ba yakan yi ta kutsowa cikin tunani yana hana mutum mai da hankali ga abin da ke gabansa, amma da zarar ya tsara takamaiman lokaci da yadda zai yi shi, kutsen yakan lafa ko da bai taɓa aikin ba tukuna. Abin da ke faruwa ke nan a zauren dattijon da ya gama jera ayyukansa. Ko kunya ɗaya bai tayar ba, amma ya san ranar kowace, shi ya sa yake iya zama ya saurari jikansa. Ɗalibin da jarrabawa ta tunkaro, da malamar asibiti, da tela a makon salla, duk suna iya aron wannan: su nemo ranar da ba ta ɗaguwa, su ƙirgo baya, su ware abin da ba ya jira daga abin da ke iya jira, su nemi taimako tun masu taimakon ba su yi wuya ba.

Abin da ke damuna shi ne ginshiƙin lissafin ya fara motsi. Damina ba ta tsayawa inda taurari suka san ta, ruwan farko kan yaudari mai shuka ya ɗauke, cikar kogi kan zo da ƙarfin da tsofaffi ba su saba gani ba. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA mai lura da koguna na fitar da nata na ambaliya, kuma ana auna hawan Kwara a Yamai kwanaki kafin ruwan ya iso Lolo. Wannan labari ne da mutanen nan suka fi kowa sanin yadda za su yi aiki da shi. Ya kamata ya riƙa isa gare su da Hausa da Dandanci da Fulatanci, ta rediyo da masallatai da bakin masu unguwanni, tun iri na cikin buhu.